Gidan da bai buɗe mana ƙofa ba

A aji na fara jin labarin ma'aunin Gini, mai auna tazarar samu tsakanin mutane, wanda Corrado Gini, masanin ƙididdiga ɗan Italiya, ya fito da shi a 1912. Sifili na nufin samun kowa daidai yake da na ɗan'uwansa, ɗari kuwa mutum guda ne ya kwashe komai ya bar sauran da hamma. Na haddace, na ci jarrabawa. Sai da aka miƙa mini kwamfutar hannu aka tura ni bin gidaje a wani binciken halin rayuwar magidanta, sannan na gane ashe lissafin ne mai sauƙi.

Ba mu muke zaɓar gida ba. Ana yanka gari gunduma-gunduma kamar na ƙidaya, a fitar da wasu ta ƙuri'a, a rubuta duk gidajen ciki, kwamfuta ta tsamo goma. Ranar farko mai unguwa ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, zo in kai ka gidajen masu buƙata, su ya kamata ka rubuta." Ya zaci rabon tallafi muka zo. Alheri ya nufa, amma da na bi shi da na mayar da unguwar kaf matalauta a takarda. Uwargida ba ta shanye tukunya don ta ji gishiri, juyawa take yi ta ɗanɗana ludayi ɗaya, kuma ƙuri'ar nan ita ce juyawar. Yawa ba ya maye gurbinta. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsar mutum sama da miliyan 2, galibi daga jerin masu tarho da motoci, ta ce Landon zai kada Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya yi masa kayen raba ni da yaro.

Sai tambayar kuɗi. Ka ce wa manomi, "Baba, nawa kake samu a wata?" ya ce maka, "Sai godiya." Ba ɓoyo kawai yake yi ba, samunsa da kaka yake zuwa, ba da wata ba. Shi ya sa muke bi ta ci da kashewa: tiya nawa ta gero aka daka a kwana bakwai, saye aka yi ko daga rumbu aka ɗebo, nawa aka kashe a cefane, magani, kuɗin makaranta. Maigida sau da yawa bai san amsar ba. Sai abokiyar aikina ta shiga cikin gida wajen uwargida, ni ina zaure ina jira, ta fito da lissafi har da kuɗin daddawa.

Ta irin wannan hanya Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da sakamakon bincikenta na 2018 zuwa 2019: kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya suna ƙasa da layin talauci na naira 137,430 a shekara, Gini kuma 35.1. Jihar Borno ba ta cikin lissafin saboda rashin tsaro. In aka jera shi da na Afirka ta Kudu, wanda ya kai 63 a 2014, sai a ɗauka tazarar mai shi da mara shi a nan ba ta da faɗi.

Ni dai wani get nake tunawa. Cikin gidaje goman da suka faɗo mini har da wani mai doguwar katanga da waya a sama. Sau uku ina zuwa, sau uku maigadi yana leƙowa ta 'yar taga: "Alhaji ya yi tafiya." Ga motoci ina hangowa. Talaka zai shimfiɗa maka tabarma ya ba ka awa biyu, mai kuɗi ko sallamarka ba ta isa gare shi. Ko ya amsa ma, cikinsa ɗaya ne. Filaye, shanu da ajiyar banki ba sa fitowa a tambayar cefane. Don haka duk lokacin da na ga 35.1, ina ɗaukar tazarar gaskiya ta fi haka.

Na so in maye gidan da na maƙwabcinsa, wani tela mai fara'a, don takardata ta cika. Shugabar ayarinmu ta hana. "Rubuta bai amsa ba," in ji ta. Na koma da gida tara.