Allo na bakwai

Talata. Zafin Garwa, nan arewacin Kamaru, ya fara nuna hali, tun ƙarfe tara fenti ke bushewa a bakin buroshi.

Allunan kwatance shida na gama cikin goma sha ɗaya. Na fadar Lamiɗo, na babbar kasuwa, na filin ƙwallon Rumde Ajiya, duk lafiya lau: shuɗin fenti, farin rubutu, Faransanci a sama, Ingilishi a ƙasa, kibiya mai kauri yadda ɗan acaɓa zai gani ba sai ya taka birki ba. Na bakwai ne ya hana ni sakat.

A takardar da aka ba ni an rubuta "Ancien port". Na fitar da haruffan da alli ke nan sai ga Kawu, ya dawo daga azahar. Ya ja benci ya zauna, ya nuna allon da kan sandarsa.

"Ɗan nan, me ka sa a nan?"

Na ce, "Tsohuwar tashar jirgin ruwa, Kawu."

"Tsohuwa? Yaushe aka yi mata jana'iza ban ji ba?"

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Kun san Kawu in ya hau zancen dako. Wai da Agusta ta kama, Binuwai ta cika, sai ka ji ƙugin jirgi tun daga nesa, unguwa ta watse zuwa bakin ruwa. A sauke gishiri da siminti da man fetur, a loda auduga da gyaɗa, jirgi ya gangara ta Yola, Makurɗi, Lakwaja, har bakin teku a Najeriya. Watanni biyu zuwa uku ne kacal, saboda haka ba dare ba rana, kafin ruwa ya ja jirgi ya kafe a yashi. Ya janye wuyan rigarsa ya nuna mini kantar da buhu ya bar masa a kafaɗa, baƙa ƙirin kamar gwiwar raƙumi. Na sha ganinta, amma yau ce na dube ta.

Na ce, "Kawu, ai ku kuka ba mu labari. Yaƙin Biyafara ya tare hanya a 1967, jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974 kaya suka koma Duwala, aka zo aka datse ruwa a Lagdo a 1982. Baƙo ya bi kibiyata yana ɗokin ganin jirage, ya tarar da masu wanki da kwale-kwalen masu ɗibar yashi, ai ni zai ce na yi masa ƙarya."

Ya ce, "Rijiya in ta ƙafe da rani, ka taɓa jin an ce da ita tsohuwar rijiya?"

Ya ɗauki sandarsa ya tafi, ko shayin da na aika a sayo masa bai tsaya sha ba.

Gaskiyata na sani. Allon kwatance ba wurin ta'aziyya ba ne, aikinsa ya kai mutum inda ya nufa, kuma mai kuɗin aiki abin da ya rubuta shi yake so ya gani. To amma wa ke karanta allunan nan? Ɗan gari da Fillanci zai yi tambaya, a ce masa ya miƙe wajen gada. Baƙon da zai karanta sau ɗaya zai wuce, watakila dorina ma ya zo nema. Kawu kuwa ta wannan mararraba yake bi kullum, kuma yanzu na faɗa masa ma'anar kalmar da bakina.

Da la'asar na shafa wa "port" fenti har sau biyu, na gyara kibiyar. "Ancien", wato "tsohuwa", na nan da alli.

Zazzaɓin Auta ya sauka, alhamdu lillahi. Farin fenti ya kusa ƙarewa, gwangwani ya ƙara jaka guda. Jibi za su zo ɗaukar alluna.