Shekara biyu ba ni da Asabar

Jiya wata yarinya da aka kawo mana reshen bankin da nake aiki, ko wata uku bata cika ba, ta same ni a ɗan kicin ɗin ofis ina ɗumama dafadukar da nazo da ita daga gida, tace Anti wai da gaske ne kina mastas kuma kina aiki, ya kike yi? Nace mata ja kujera. Ban kai ko'ina ba manaja ya aiko a kira ni, shine nace bari in rubuta mata sauran anan ko wani ma zai amfana.

Ni HND nayi a fannin akanta, shekara shida ina kan kanta ina ƙirga kuɗin mutane kafin a mayar dani ɓangaren bashi. To duk mai HND ya sani sai ka fara yin PGD, wato diflomar share fagen mastas, kafin a baka gurbin mastas, shekara guda kenan ta tafi tun ba'a fara maganar abinda kazo nema ba. Kuɗin makaranta kuwa daga aljihuna, kwasar adashina ta farko can ta tafi, ta biyu ma haka.

A takarda tsarin mai sauƙi ne, lakca Juma'a da yamma da kuma Asabar wuni guda. Amma wanda ya tsara bai taɓa aiki a banki ba wallahi, don ƙarfe huɗu ƙofa kawai muke rufewa, aikin cikin gida lokacin yake farawa, in lissafin wani bai daidaita ba ko na naira ɗari biyar ne babu mai motsawa, ga ƙarshen wata ga rahoton da hedikwata suke jira, sai in fito wajen shida saura in tare keke napep daga Jekadafari ina addu'a Allah sa malamin bai riga ya rufe takardar sa hannu ba. Akwai ranar da na roƙi abokin aikina ya riƙe min aikin zuba kuɗi a ATM na Asabar, na biya shi da nawa hutun, na isa aji takwas daidai muka zauna har sha ɗaya sannan saƙo ya shigo guruf ɗin WhatsApp wai malam yayi tafiya. Ban yi kuka ba amma saura kaɗan.

Kuma Asabar a Gombe ai ta biki ce. Anko uku ne a cikin akwatina an ɗinka ban taɓa sawa ba. Hajiya surukata, Allah ya ƙara mata lafiya, rannan tace min "ke ƴar nan bokon naki baya ƙarewa ne, ko sai kin zama gwamnan babban banki?" nace Hajiya ki dai saka mu a addu'a, tace addu'a kam kullum, amma zumunci a ƙafa yake. Ban da amsa, gaskiyarta ce. Baban yara yayi ƙoƙari ba laifi, shi ke kai su islamiyya ya ɗauko su, amma ranar da ƙaramar ta zana hoton gidanmu a makaranta ta zana ni da kwamfuta a cinya, abin ya tsaya min a rai kwana biyu.

To me na samu? Wannan ne ban samu na faɗa ma yarinyar ba.

Akwai wani Alhaji kwastomana ɗan kasuwar Tudun Hatsi, duk kaka yana zuwa neman kuɗi ya sari masara da wake ya ajiye sai bazara ya fitar. Kullum tambayarsa ɗaya ce, "Hajiya ku kuɗin mutane kuke karɓa ku ajiye kusan kyauta, don me zaku ɗora min sama da talatin cikin ɗari?" Shekaru ina ce mishi Alhaji daga sama ne, don nima iya abinda na sani kenan. Sai a semista ta biyu, kwas ɗin manufofin kuɗi, malamin ya zana abin a allo. A watan Satumba 2024 CBN, wato babban bankin Najeriya, ta kai kason da dole bankunan kasuwanci su ajiye a wajenta zuwa kashi 50, wato a lokacin in ka kawo min naira 100, hamsin sun tafi can sun kwanta bazan iya ba kowa bashinsu ba, kuma basa haifar komai. A Nuwamba kuma suka kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5. Ga gwamnati ita ma tana cin bashi ta takardun baitulmali, na kwana 91, 182 da 364, da riba mai tsoka kuma ita bata gudu da kuɗin kowa. To bankin da zai iya ba gwamnati ya kwanta yayi barcinsa, me zai sa ya ba mai masarar da ƙwari zasu iya shiga ko farashi ya faɗi, sai dai in ya ɗora abinda ya fi wancan? Da Alhaji ya dawo na ɗauko takarda na zana mishi da biro kamar yadda aka zana mana. Yayi shiru yana jan carbi, can yace "to ashe ke ma ƴar aike ce." Bai karɓi bashin ba a shekarar, kuma da farashin hatsi ya rikito a 2025 mutane da yawa suka tafka asara, shi rabin abinda ya saba kawai ya saya da kuɗinsa. Taget ɗina ya sha kashi a wannan zangon, oga bai ji daɗi ba, amma har yau Alhaji in yazo sai ya leƙo teburina.

Wani abin ma a gida ya taɓa ni. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamba 2024, asusun ajiya kuwa ribarsa wajen takwas ne cikin ɗari, na zauna da kalkuleta na duba kuɗin da nake tarawa don fili sai naga kullum ina zubawa kullum filin yana ƙara nisa. Ni da nake aikin banki fa! Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Sai maganar riba, wadda duk musulmin dake wannan aikin yasan tana cin shi a rai ko bai faɗa ba. Kwas ɗin harkar kuɗi ta Musulunci shine wanda ban taɓa fashinsa ba. Da can jin sunan murabaha (cinikin kaya da riba sananniya) da ijara (haya) kawai nake, na ɗauka canza ma tuwo suna akayi, sai da muka bi kwangilar layi layi naga inda bambancin yake, a murabaha dole banki ya sayi kayan ya mallake su tukunna kafin ya sayar maka da ribar da kuka yi ittifaƙi, kuma in ka makara bashin baya ta haihuwa kamar namu. Ko duka ake bin hakan a aikace, wannan munyi musu a aji har aka kira la'asar. Bankin Musulunci na Jaiz sun fara tun 2012, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, na farko na biliyan 100 a 2017 aka zuba a gyaran hanyoyi, furojet ɗina ma ta wannan ɓangaren na ɗauka.

Ajin namu kansa makaranta ne. Akwai na hukumar haraji, akwai masu fansho, akwai wani mai ƙaramin bankin talakawa daga Kumo da yake tasowa tun asuba. Da aka bamu asaimen kan umarnin CBN na Maris 2024, cewa manyan bankuna masu reshe a waje su kai jarinsu biliyan 500, na ƙasa 200, na yanki 50, rabin abinda na rubuta daga bakin wani dattijo ɗan ajinmu na samo, shi yaga irinsa da idonsa a zamanin da Soludo ke gwamnan CBN, lokacin da bankuna 89 suka koma 25, yasan yadda ake wayar gari a ce reshenku an haɗe shi da wani.

Ƙarin girma dai kar kowa ya ruɗe ki ƙanwata, a banki taget ke magana, na ga mai digiri ɗaya ya tsallake masu mastas don ya kawo asusun ƙaramar hukuma. In a banki kike son tsufa ni da zan sake, jarrabawar CIBN ta ƙwararrun ma'aikatan banki zan fara yi, tafi arha kuma ba sai kin zauna a aji duk sati ba, in akanta ce a ranki ga jarrabawar ƙungiyoyin akantoci, ICAN da ANAN. MBA kuma, mastas na gudanar da kasuwanci, na masu son kujerar shugabanci ne, lissafinsa bai kai na MSc zafi ba. Ni MSc na zaɓa don ina hango koyarwa ranar da ƙafata ta gaji da bin kwastoma.

Gobe Asabar zan kai ma sufabaiza babi na uku karo na huɗu kenan, wancan satin jan biro ya cika shi har bayan takarda. Gobe ne kuma yinin bikin ƴar maƙwabciyarmu Maman Walid, na riga na aika gudummawata da kwanon cincin, nace mata in malam ya sallame ni da wuri zan shigo ko da magariba ce, tayi dariya tace haka kika ce a na babbar.