Abin da tambayar mata gida-gida ta koya mini

Wanda ya ji a rediyo cewa binciken lafiya na 2018 ya nuna yara 132 cikin kowane dubu a Najeriya na mutuwa kafin su cika shekara biyar, zai ɗauka daga asibitoci aka tattaro lissafin. Daga bakin iyaye mata ya fito, a tsakar gida, domin yawancin yaran da ke rasuwa a ƙasar nan ba a rubuta mutuwarsu a ko'ina. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke gudanar da wannan binciken. Hukumar Ƙididdiga da UNICEF ma suna da nasu, kamar wanda aka yi a 2021.

Na yi irin wannan aiki a Jos, tsakanin Gangare da Anguwar Rogo. Mace ce ke tambayar mace, daga 'yar shekara 15 zuwa 49. Awon nauyin yara da duba katin rigakafi ba su da wuya. Aikin yana wajen jera haihuwa, tun daga ta fari, masu rai da waɗanda suka koma.

Nan na gane takardar tambayoyi ba ta san alkunya ba. Dattijuwa za ta lissafo miki 'ya'ya shida ta tsallake ɗan fari, don ba ta kama sunansa, wataƙila ma a hannun kakarsa ya tashi. Jaririn da ya rasu kafin ranar suna kuwa, sau da yawa ba a sa shi a lissafi. Ba ƙarya take yi ba, ba ta son tayar da tsohon miki ne. In kin ga tazarar shekara huɗu tsakanin yara biyu, sai ki sassauta murya: "Mama, tsakanin waɗannan biyun, Allah bai kawo wani ba?" Sai ki yi shiru ki jira. Kada kishiya ko uwar miji na zaune kusa, in ba haka ba amsar da za ki samu tasu ce.

Shekaru kuma wani rikicin ne. Tambayar wata da shekara ba ta kai ki ko'ina, gara ki ce da azumi ne ko da kaka, kafin zaɓe ko bayansa.

Mu ma masu tambayar ba a barinmu haka nan. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar yana jawo doguwar tambaya kan awon ciki, shayarwa, zazzaɓi da gudawa, ga rana ta yi, ga gidaje na jira. An san mai tambaya da ta gaji kan iya ƙara wa yaro 'yan watanni ya zama ɗan biyar don ta huta. Shi ya sa shugabar tawagarmu ke bin bayanan kowacce da daddare, in ta ga 'yan shekara biyar sun yi yawa, washegari ta koma gidan da kanta.