Minsharin da ya kai ni asibiti

Shekara da shekaru uwargida tana kuka da minsharina, ni kuwa ina mayar da maganar wasa, har daren da ta tashe ni a firgice, ta ce numfashina ya ɗauke, ƙirjina yana motsi amma iska ba ta shiga.

Bayan gwajin barci na dare guda, likita ya bayyana mini cewa naman ganda ne yake saki ya toshe hanyar iska, kuma ɗaukewar da ta kai daƙiƙa 10 ita ake ƙirgawa. Tawa ba ta kai sau 15 a awa ba, shi ya sa aka gwada ƙaramin aiki. Wanda tasa ta yi tsanani, na'urar CPAP, wadda ke tura iska ta hanci lokacin barci don kada hanyar ta toshe, aka fi ba shi.

An kashe mini zafin wurin, aka sa siririyar allura mai ɗumama naman domin ya ƙanƙance ya yi tauri, kuma a ranar na koma gida. Kwana uku kunu kawai nake iya haɗiya, shi ma sai ya huce. Wani aminina ya ce da wanzami na nema ya cire beli, ban ko tanka masa ba.

Yau mako shida ke nan, uwargida ta daina ɗaukar matashinta zuwa falo.