Ƙyallen tela a sabon gida: inda aikina ya kai

'Yan'uwana masu koyon haɗa ƙyalle, sannunmu da ƙoƙari. Rigunan filon kujera sun kammala, labulen falo ya hau, zanin gado kuwa yana tsakiyar hanya. Bari in ba ku labarin yadda aka yi aka zo nan, ko wata za ta tsinci abin amfani.

Duk wadda ta tare a irin sababbin gidajen nan na ƙetaren kogi a Kaduna, wajen Millennium City, ta san yanayinsu: tayil a ƙasa, farin fenti a bango, sili yana ƙyalli. Gida tsaf, amma kina yin sallama muryarki za ta dawo miki. Mu da muka taso daga Tudun Wada, inda ko tari ka yi maƙwabci zai ce sannu, wannan amsa-kuwwa ta hana mu sakewa. Dalilinta ba ɓoyayye ba ne. Tayil da siminti ba sa shan sauti, tufa da soso da tabarma su ne masu sha. Shi ya sa na fara da abin da ya shafi yadi kafin komai.

Ba na raina aikin masu jere na zamani, sun iya. Sai dai ki shiga gida biyar a layi guda, kujera iri ɗaya, kafet iri ɗaya, labule ruwan toka ko ruwan gwal. Ɗakin iyayenmu ba haka yake ba. Kowace tasa, kowace samira, kowane faifai da ke jere, mai ɗakin ta san hannun da ya fito: wannan na Gwaggo ne, wancan gudummawar ƙawa ce. Irin wannan sanin nake so ya shigo falona, kuma ba a sayar da shi a kanti.

Ƙyalle ba ya wahalar samu in kin san lokaci. Bayan Sallah ƙarama ko babba, shagunan teloli cike suke da ragowa, wasu sharewa suke yi su zubar. Telana ta tara mini buhu guda, na ƙara da 'yan yadudduka daga kasuwar Sheikh Gumi don in samu launi mara zane da zai raba tsakani. Kada ku ɗinka komai kafin tantancewa. Atamfar auduga gefe guda, shadda gefe guda. Leshi da yadin roba mai santsi ku ajiye su don wani aikin, domin ba sa zama lafiya kusa da auduga, ɗaya na ja ɗaya na saki. Sannan a wanke duka kafin a sa almakashi. Sabuwar atamfa tana shiga in ta sha ruwa, tsohuwa ta riga ta gama shigarta; in kika haɗa su ba wanki, ranar wankin farko ɗinkin zai tattare. Ja da shuɗi mai duhu a jiƙa su daban a ga ko suna zuba. Wanda ruwansa ya ƙi washewa bayan ɗauraya, a haƙura da shi.

Ga lissafin da na bi na filo. Na yanka kwali murabba'i, inci 5 kowane gefe, shi ne ma'aunina. In ɗora a bayan ƙyalle, in zagaye da alli, in yanka. Ɗinki yana cin rabin inci ta kowane gefe, ke nan kowane gida zai koma inci 4. Gida huɗu a jere, layi huɗu, ƙyalle 16, sun ba ki fuskar filo mai inci 16. Ki fara haɗa layi-layi, ki goge, sannan ki haɗa layukan. Gugar nan ita ce rabin aikin: bakin ɗinkin layin farko ki kwantar da shi dama, na biyu hagu, sai mahaɗar ta shige juna ba tudu. In babu wuta, dutsen gawayi yana yi, a dai shimfiɗa farin ƙyalle a sama saboda toka. Kekena tsohuwar Butterfly ce ta ƙafa, allura lamba 14 ta wadatar, sai wurin sa zif na koma 16.

A cikin filon nan akwai guda da ba na bari yara su yi wasa da shi. Da muna haɗa kaya, Hajiyarmu ta buɗe adakarta ta miƙo mini wani zane da ya ƙoƙe ta tsakiya, gefunansa kuwa garau. Kore ne mai ɗigon ruwan ƙwai, a bakinsa har yanzu ana karanta tambarin masaƙar UNTL ta Kaduna. 'Yan baya ba su riski lokacin ba, amma unguwar Kakuri ta yi zamani da masaƙu tun daga 1957 da masaƙar KTL ta fara aiki a zamanin Sardauna, har ya zama Kaduna na tufatar da ƙasa. Yau yawancinsu shiru. Audugar zanen nan ta yi laushi a hannu, kauri kuwa na nan, allura na ratsa ta ba gardama. Na yanka gidaje daga gefe, na bar bakin mai rubutu a bayan filon ta ciki. Ranar da Hajiya ta zo ganin gida, ta zauna ta ɗauke shi ta juya, ta ce da wannan zanen ta goya ƙanina. Daga nan hira ta ɓalle har la'asar. Shawarata ke nan gare ku: kafin ku je wajen tela, ku fara da akwatin gida. Ankon bikin da ya matse ki, ɗankwalin da zaninsa ya mutu, rigar sunan ɗanki. Su ne ke sa baƙo ya tambaya, mai gida ta samu abin faɗa.

Labule ban wahalar da kaina ba. Yadi mara zane na saya, faɗin taga sau biyu don ya yi tattara, na bi ƙasansa da layi ɗaya na ƙyallen da ya yi saura. Tagar falon yamma take kallo, ranar la'asar kuma tana cin launi, don haka na yi masa shafi da farin yadi. Sandar rataya wani maƙeri a Panteka ya yi mini ita daidai awo, mai saukin zarewa, don in hunturu ya shigo da ƙurarsa labule sai ya riƙa ganin ruwa akai-akai.

Bango ne ya tsaya mini. Mai gidan ya ce kar a buga ƙusa, kuma yana da gaskiya, fentinsa sabo ne. Ina da faya-fayai na kaba, rinannu, da 'yar ƙwarya mai zane da nake son su fito fili. Kafinta ya haɗa mini firam na katako mai tsayin mutum, muka ɗaure igiya a tsakani, na jingina shi a kusurwa na saƙale su da zare. Ya ma fi, domin sabon gini yana riƙe danshi, damunar Kaduna kuma a watan Agusta ba ta wasa. Kaba in ta manne da bango mai sanyi fumfuna take yi.

Saura zanin gado. Katifar ƙafa shida-shida ce, inci 72 ke nan. Da ƙananan gidaje zan yi, sai na yanka kusan 500, don haka na ƙara ma'aunin zuwa inci 9, ya koma 8 bayan ɗinki. Gida 11 sau 11, ƙyalle 121, zai ba ni inci 88, ya sauko inci 8 ta kowane gefe. Abin da nake fama da shi yanzu nauyi ne: da layukan suka yi tsawo, aikin yana zamewa daga kan keke yana jan allura, mahaɗa na gocewa. Na jawo teburin cin abinci na kara a hagun keken ya ɗauki nauyin, na kuma koma yin ɗaurin allura da hannu a kowace mahaɗa kafin in taka. Ya rage, amma bai daina ba.

Wadda ta taɓa ɗinka babba irin wannan, ta taimaka mini da abu guda: shafin baya, yadi ɗaya kika shimfiɗa, ko kin sa siririn soso a tsakani? Ina tsoron zafin bazara in na sa soson, shi ya sa ban yanka ba tukuna.