Ƙarin malgadi ga babur mai ƙafa huɗu: a auna taya kafin a ɗauki dirila

Daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Satumba, duk mai shiga gona a gefen Shika, Giwa ko fadamar Galma da babur mai ƙafa huɗu, wanda ake kira ATV, ya san inda taɓo ke fara sauka: ƙafar wando, sai cinya, sai kujera da buhun takin da aka ɗaure a kariya, wato wurin ɗora kaya. Malgadin da kamfani ya sa, daidai tayar da injin ya zo da ita aka yanka shi. Yawancin na aikin gona suna zuwa da 25x8-12 a gaba da 25x10-12 a baya, wato tsayi inci 25, faɗi inci 8 ko 10, a kan wili mai inci 12. Da zarar an sa taya mai manyan haƙora, ko an ƙara sifesa, wato zoben ƙarfen da ake sawa bayan wili, an buɗe ƙafafun, sai haƙoran su leƙo waje da malgadi, duk abin da suka kwaso kuma sama za su watsa shi.

Maganinsa ƙarin leɓe ne da ake ɗaurawa a bakin malgadin. Aikin yamma ɗaya ne, amma yawancin wanda ake gani yana reto ko ya tsage, ba kayan ne suka gaza ba, huda da ɗauri ne aka yi da gaggawa.

Fara da awo. Ajiye injin a daɓe mai daidai, tayoyi da iskarsu yadda kake aiki da su, kan babur a miƙe. Ɗaura noti a zare, ka sako shi daga bakin malgadi a wuri uku: gaba, tsakiya da baya. Auna daga zaren zuwa ƙarshen haƙorin taya na waje. Abin da ya fito, ƙara masa santimita 2 zuwa 3, shi ne faɗin da kake buƙata. Tayar da ta leƙo da santimita 4 tana son leɓe mai 6 ko 7, ba mai 15 ba. Mai faɗi da yawa kyan kallo kawai gare shi. A gona zai riƙa kama karan masara a bakin kunya, ya ɗauki laka mai nauyi, ya kuma hana injin wucewa ƙofar da da yake shiga lafiya. A auna ƙofar gareji da bayan motar da ke ɗaukarsa tun kafin a yanka komai.

Kayan iri biyu ne. Akwai na oda, wanda aka ƙera wa samfuri ɗaya, Honda ne ko Yamaha ko Polaris, ramukansa na faɗawa kan ramukan kamfani. Idan shi za ka saya, duba samfuri da shekarar ƙira, domin kamfanoni kan canza siffar jiki suna riƙe da suna ɗaya. Akwai kuma wanda za ka yanka da kanka, kuma a Zariya shi ya fi sauƙin samu: tsohon bel na injin masana'anta mai kaurin milimita 5 zuwa 6, ko robar da manyan motoci ke ratayawa bayan taya. Zagaye ɗaya a wajen masu kayan gyara na Sabon Gari ya isa. Roba ta fi a wurina, domin in ta bugi kututture lanƙwasa za ta yi ta dawo.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a je wa mai walda a ce, "Maigida, lanƙwasa min falange a nan." Zai yi, zai ma yi kyau ranar farko. Amma jikin injin roba ne, falange kuwa ba ya ba da kai, saboda haka duk girgiza da duk bugu a bakin noti suke ƙarewa har ramin ya yage. Ga kaifin bakinsa kusa da ƙwauri in injin ya karkata. Tsohuwar taya ma a bar ta, nauyi gare ta da waya a ciki. Gam kuma kada a ɓata kuɗi: irin robar da ake jikin waɗannan injuna da ita ba ta riƙe gam, zai kama yau ya ɓanɓare a ruwan farko.

Na ɗauri, a nemi bol M6 mai tsawon milimita 20 zuwa 25, wanda sifana lamba 10 ke kamawa, da noti mai zoben roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi. Kowane bol da washa biyu masu faɗi, kamar milimita 18 zuwa 20, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kowace ƙafa kan ci bol 6 zuwa 8, don haka 30 da ɗan ragowa sun wadatar. In an samu wanda ba ya tsatsa, shi ne. Baƙin ƙarfe damina ɗaya ta ishe shi ya cije. Sai dirila, baki mai milimita 3 da mai 7, kwali, maka, wuƙa mai kaifi da filaya mai kulle guda biyu ko uku.

Wanke malgadin ciki da waje, ya bushe. Yanka kwali ka bi da shi lanƙwasar bakin, ka gyara har ya zauna, ya hau kan malgadin da santimita 4 aƙalla. Wannan kwalin shi za ka ɗora kan roba ka zana. Ka kife shi ka sami na ɗaya gefen. Roba mai taurin kai, shanya ta a rana rabin awa za ta yi laushi. Kama ta da filaya a inda za ta zauna, kada ka huda tukuna.

Nan ne gwajin da aka fi tsallakewa. Murɗa kan babur dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe. Sannan a sa mutum biyu su danna kariyar gaba da ƙarfi har shokazoba ta nutse, kan yana murɗe, kai kana leƙawa. A kowane hali a sami aƙalla santimita 3 tsakanin haƙori da roba, wato yatsu biyu su wuce. Wurin da ya fi gugar shi ne kusurwar baya ta malgadin gaba, dab da matakar ƙafa. Ka tuna taya mai inci 27 ta ɗara mai 25 kusanci da malgadi da santimita biyu da rabi, sannan lakar da za ta manne mata za ta ƙara mata girma. A baya ma a gwada da kaya a kariya, kamar nauyin da ake ɗauka kullum, ba injin wofi ba.

Kafin kowane rami, zura hannu ta ƙasa ka shafa. Wayar fitila, tiyon birki, tiyon mai, duk suna bin ƙarƙashin robar nan. Naɗa salatif a bakin dirila, santimita ɗaya da rabi daga tsini, don kada ya zarce. Inda akwai maɓallan roba na kamfani a bakin malgadi, cire su ka yi amfani da raminsu. Sababbin ramuka, tazarar santimita 10 zuwa 12 tsakaninsu, kuma kowanne santimita 2 daga baki. Wanda ya fi haka kusa da baki shi ke fara tsagewa. Fara da ƙaramin baki, bi da mai 7, a hankali, domin dirila mai gudu narkar da roba take yi ba yanka ba.

Me ya sa rami mai 7 ga bol mai 6? Saboda zafi. Robar jikin injin tana buɗewa da tsukewa kusan ninki goma na ƙarfe. Tsakanin asubar hunturu da ranar Afrilu a Zariya, tsawon mita ɗaya kan motsa da 'yan milimitoci, baƙar roba a rana ma ta fi haka. In bol ya cika rami dam, ba inda za ta motsa, sai ta kumbura tsakanin noti da noti ko ta tsage. Wannan dalilin ne ya sa ba a murɗe noti har washa ta nutse. Washa ta zauna, ƙara rabin zagaye, shi ke nan. Fara ɗauri daga tsakiyar lanƙwasa ka gangara gaba da baya, kada ka matse ko ɗaya sai duk sun shiga. Kan bol ya kasance ta gefen taya, ko kuma a yanke wutsiyar da ta leƙo, kada ta karci taya. Ruwan kulle noti da makanikai ke ɗigawa, a nisanta shi daga nan, wani yana fasa roba.

Gefen salansa a bar tazarar tafin hannu. In ba wuri, a yanke robar a wajen, ko a sa ɗan falangen alminiyam a tsakani da sarari na iska.

Taɓon da ke cika takalmi daga bayan tayar gaba yake tasowa, kuma leɓen gefe kaɗai ba ya tare shi. Wannan sai an rataya ƙaramar roba a ƙasan malgadin, ta sauko ta tsaya kamar santimita 15 daga ƙasa. In ta fi haka tsawo, ranar da ka yi ribas a cikin kunya taya za ta take ta ta fizge, wani lokaci har da guntun malgadin.

Jar ƙasar tudu da ruwa take fita, amma baƙar lakar fadama mannewa take yi kamar tuwon da ya kwana a tukunya, kuma lita ɗaya tata ta haura kilo ɗaya da rabi. Ƙarin leɓen ya ƙara mata wurin zama, nauyin kuma a kan ramukan nan yake. A wanke ƙasan ranar da aka dawo, tun tana ɗanya. Leɓen kuma kai da kayanka yake karewa: lagireto a injin mai sanyaya da ruwa, robar da ke rufe gaɓar shaf, boris da birki, duk suna cikin taɓon kamar da, suna buƙatar nasu wankin. Bayan fita ta farko a bi notunan da sifana, domin roba kan kwanta ɗauri ya saki, sannan a leƙa cikin leɓen. Inda ka ga wuri ya yi sheƙi, taya ce ke shafarsa. A rage santimita ɗaya da wuƙa a sake gwajin murɗa kai.