Ƙannena, ba hannu ke jifa a besbol ba

Wallahi da na samu wanda ya zaunar da ni tun farko da yanzu gwiwar hannuna ba ta min tsami duk lokacin sanyi. Karatu ya kai ni Amurka, abokan ɗaki suka ja ni wata ƴar ƙungiyar besbol ta unguwa, wasan nan da ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya ya buge ta da sanda, aka ce wa zai yi jifa nace ni mana, ai tun ina yaro ba mangwaron da ya gagare ni. Ashe hanyar jirgi daban ta mota daban.

Daga tudun jifa zuwa gaban mai sanda ƙafa 60 da inci 6 ne, ƙwallon kuma wajen giram 145, sai ka raina ta. Ni da hannu zalla nake wurgawa, ƙafafu kamar an dasa su. Ranar da koci ya ɗauke ni bidiyo da waya daga gefe na ji kunya, ya tsayar da hoton daidai lokacin da ƙafata ta gaba ta taɓa ƙasa, ƙirjina ya riga ya juya yana kallon mai sanda, hannun da ke riƙe da ƙwallo kuma yana can ƙasa a baya bai taso ba, wato duk nauyin kan gwiwar hannu yake sauka. Yace a wannan lokacin ƙugu ne ya kamata ya fara buɗewa, kafaɗa na nan a rufe, ƙwallo ta riga ta hau sama, gwiwar hannu daidai kafaɗa. Ƙarfin daga ƙafar baya yake tasowa ya bi ƙugu ya bi ƙirji, hannu shi ne na ƙarshe kamar bakin bulala. Takuna ma gajere ne, masu iyawa suna miƙa ƙafa kusan tsawon jikinsu. Don haka ku sa a ɗauke ku daga gefe, ku tsayar a wannan wajen, kar ku tsaya kallon gudun ƙwallo.

Wautar da ta fi wannan, cikin gwiwar hannuna ya fara zugi na shafa man zafi na ci gaba, wai ni namiji. Jijiyar wajen ce ta tsinke wa Tommy John, mai jifa na ƙungiyar Dodgers, Dakta Frank Jobe ya masa tiyata a 1974, har yau da sunan Tommy John ake kiran aikin, kuma jinyar takan ci fiye da shekara. Shahararren ɗan besbol ɗin Japan Shohei Ohtani ma an masa a 2018. Shi ya sa Little League, hukumar besbol ta yara, ba ta barin ɗan shekara 11 ko 12 ya wuce jifa 85 a rana, ni kuwa ban taɓa ƙirgawa ba sam. Ku ƙirga, in ya fara zugi ku ajiye ƙwallon ku ga likita.

Ni Allah ya rufa asiri ba a kai ga wuƙa ba, amma wata huɗu ko buta da hagu nake ɗauka.